Jitar Agadas a Amurka, fiyanon Kano a Kasuwar Dole: ina kiɗan Damagaram?

Duk wanda ya ratsa Kasuwar Dole ranar Alhamis, tun daga rumfunan masu atamfa har wajen masu kayan miya, kunnensa zai shaida masa cewa Damagaram Kano take saurare. Wannan rumfa Hamisu Breaker, waccan Nura M. Inuwa, ɗan kabu-kabun da ya wuce kuma Umar M. Shareef ne a salularsa. In ka ji mata sun ɗauki guɗa a gidan biki, to da wuya in ba Ado Gwanja aka saka ba.

Wannan ba abin mamaki ba ne. Hanyar Matamaye da Magarya da ke kawo mana shadda da robobi, ita ce ta kawo mana kaset ɗin Shata da Ɗanƙwairo tun zamanin iyayenmu, ita ce kuma ta kawo fina-finan Hausa da kiɗan fiyano wajen shekara ta 2000. An rufe iyaka a 2019, an sake rufewa a 2023, shinkafa da taliya sun tsaya a bakin shinge, amma waƙa ba ta kwana ko guda a duwan ba. Har ma ɗiyarmu Fati Nijar sai da ta koma Kano kafin sunanta ya cika gari.

To amma ku tambayi Bature mai son kiɗa, mene ne kiɗan Nijar? Ba zai ambaci ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Jitar Abzinawa zai ce maku, wadda su can suke lissafawa cikin kiɗan rok. Bombino na Agadas shi ne ɗan Nijar na farko da ya shiga takarar kyautar Grammy ta Amurka, da faifansa Deran na 2018. Ƙungiyar Etran de l'Aïr, wadda ta yi shekaru tana kiɗan aure a unguwannin Agadas, ta fitar da faifai a 2022 da 2024, tana yawon Turai. Shi kuwa Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa, ya saki Funeral for Justice a 2024, kiɗa mai ƙara da zafi kamar ana tsawa, sannan a 2025 ya sake rera waƙoƙin nan da jita marar lantarki a faifan Tears of Injustice. Juyin mulkin Yulin 2023 ya riske shi yana Amurka, aka rufe iyakoki, cikin zaman jiran nan ne aka ɗauki faifan na biyu. Ni dai a wurina shi ya fi daɗin saurare, domin muryar ta fito fili, kuma ko Bahaushen da ba ya jin Tamashek zai gane mutum ne ke kukan gida.

Wani abin da mutane da yawa ba su sani ba, shi wannan Mdou Moctar a Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko, Anar, a 2008, da irin na'urar lanƙwasa murya ta mawaƙan fim. Ba kanti ne ya sayar da shi ba. Daga salula zuwa salula ya yi ta yawo ta Bluetooth da katin memori, har wani Ba'amurke mai tattara waƙoƙin Sahara ya ji shi, ya bi sawunsa. Wato dai hanyar da kuke samun waƙa a teburin mai turi, ita ce ta kai shi inda yake.

Sai dai a shirinmu na zaɓen masu saurare, wanda ya bugo ya roƙi jita bai cika yawa ba, kuma galibi ɗalibi ne ko direban hanyar Tanut. Wasu dattawa ma cewa suke hayaniya ce kawai. Ban yarda da su ba, amma na fahimce su: Bahaushe kalma yake bi a waƙa, yana son habaici da kirari da zambo, abin da zai maimaita wa abokiyar zama ko maƙwabcin rumfa. Shi ya sa har gobe in aka saka marigayiya Barmani Choge, wadda ta rasu a 2013, sai ka ga mai tuyar ƙosai ta saki matsami tana rausaya. Da ƙwarya kawai matar nan ta yi wa mata huɗubar kama sana'a, kuma ta shiga.

Abin da ya dame ni shi ne namu na gida. Damagaram ƙasar kiɗa ce tun zamanin Sarki Tanimun. Kakaki da algaita da ganguna suna nan a ƙofar fada cikin Birni, ana jin su ranar Juma'a da ranar hawan salla. Mahauta na da kiɗansu na hawan ƙaho, ƴan kokowa na da nasu, manoma na da gangar noma, mata na da kiɗan ƙwarya. Muna da marigayi Ma'azu Ɗan Alalo, wanda waƙoƙinsa kundin tarihin sarauta ne da na zamanin Nasara. Amma je ka wajen mai turi ka ce ya zuba maka Ɗan Alalo. In ka yi sa'a ka samu biyu ko uku, an kwafo daga tsohon kaset, sautin kamar daga cikin rijiya. Yaron da ke turin ma sai ya tambaye ka ko ɗan fim ne.

Dalilin ba boyayye ba ne, kuɗi ne. A da mai aurar da ɗiya sai ta kira makaɗa, a yi kari, a ba su riga da hatsi, su kuma su saka sunanta da na kakanninta cikin waƙa. Yanzu DJ ake ɗauka da manyan lasifika, ya fi araha, ba a ciyar da mutum goma. Makaɗin da ba a kira shi biki ba, ɗansa ba zai gaji ganga ba, babur zai nema. Shi kuma turin da ake biya dala kaɗan, ko tamma ba ta isa hannun mawaƙi, na Kano ne ko na Zango. Akwai ofishin kare haƙƙin masu fasaha, BNDA, akwai gasar Ɗan Gurmu, akwai cibiyar koyon kiɗa ta Elhaji Taya a Yamai, amma mai kalangun Mirya ko na Kance yaushe labarinsu ya kai gare shi?

Mu ma ƴan rediyo abin da kuka roƙa shi muke sakawa. Ranar da Hajiyoyin Dole suka fara bugowa suna cewa a sa masu kiɗan ƙwarya na unguwarsu, dole mu ɗauki na'ura mu je mu ɗauko. Akwai kuma tsofaffin kaset da ke jibge cikin adaka a gidaje da shaguna, waɗanda zafi da ƙura ke cinye zarensu kowace bazara. Mai irinsu ya kai gidan rediyon da ya yarda da shi, a juye a kwamfuta a mayar masa da abinsa. Aikin bai wuce na yini guda ba.