SAMUEL OKOYE, MAI SAURAREN TAURARI DA REDIYO

Ƴan'uwa manoma da makiyaya na Damargu, daga Tanut har Belbeji kowa ya san Kaza da ƴaƴanta. Da dari ya kama, bayan lisha sai ka ganta tsakar sama. Gabas da ita kaɗan akwai wani abu da ido ba ya gani sai da madubin hange. Masana suna ce mishi Hayaƙin Ƙaguwa. Yau labarinshi za mu ba ku, da na wani ɗan Afirka da ya yi aiki a kanshi.

A shekara ta 1054 aka ga fashewar wani babban tauraro a wurin nan. Masanan ƙasar Sin sun rubuta cewa an yi kwana 23 ana ganin haskenshi da rana tsaka. Hayaƙin da ya bari yana nan har yanzu.

Samuel Okoye mutumin Najeriya ne, daga ƙasar Ibo. An haife shi a 1939. Ya yi karatu a Ibadan, daga nan ya tafi Kambirij, ƙasar Ingila, wajen wani malami, Antony Hewish. Aikinsu sauraren sama. Ashe abubuwan da ke sama ba haske kaɗai suke turowa ba, har da irin igiyar da rediyonku yake kamawa. Sai a kafa sanduna a fili, a ja waya kamar shingen garka, a kama ta.

To, ku lura da wannan. Ƙananan taurari suna ƙyaftawa, amma Zara ba ta cika yi ba. Dalili, iska tana kaɗa hasken abin da ya zo mana ɗan tsito, amma wanda ya zo da faɗi kaɗawar ba ta nuna. Haka igiyar rediyo take in ta ratso iskar da rana ke hurowa. A 1965 Okoye da malaminshi suka ba da labari cewa cikin Hayaƙin Ƙaguwa akwai wani abu mai ƙyaftawa, ƙarami ƙwarai, mai ƙarfi ƙwarai. Suka ce wata kila ragowar tauraron da ya fashe ne. A shekarar nan Okoye ya samu digirin dakta.

A 1967 wata ɗaliba, Jocelyn Bell, ta ji wani tauraro dabam yana bugawa daidai-daidai, kowane sakan ɗaya da sulusi, kamar mace mai daka ita kaɗai. Aka sa wa irinsu suna fulsa. A 1968 masana a Amurka suka tarar da irinshi wajen Ƙaguwa. Shi ne abin da Okoye ya ji.

Wannan tauraro faɗinshi kilomita 20 ne ko abin da ya yi kusa, tafiyar da makiyayi zai yi kafin azahar. Amma ya fi rana nauyi. Yana juyawa sau 30 a sakan ɗaya, kowane juyi ya hasko mu kamar mai juya cocila cikin duhu. Hasken yana shekara wajen 6,500 a hanya.

Hanyar kuwa ba fanko ba ce. Tsakanin taurari akwai iska mara kauri da ƙura, kamar hazon hunturu. Bugu ɗaya yana tasowa da igiya gajera da doguwa tare, amma iskar nan tana riƙe doguwar, sai ta iso a baya. Da jinkirin nan masana suke auna yawan iskar, har su kimanta nisan tauraron. Kamar yadda kake gane nisan garke da kaurin ƙurar da ke tsakaninku.

A 1974 aka ba Hewish babbar kyautar Nobel. Ba a sa Jocelyn Bell ba, mutane da yawa suka ce an yi mata ƙwange, ni ma haka na gani. Okoye kam, malaminshi ya ambaci sunanshi a jawabin karɓar kyautar.

Okoye ya koma gida ya koyar a jami'ar Nsukka, inda ya kafa cibiyar binciken sama a 1972, ya tarbiyyantar da ɗalibai a wannan fanni. Ya rasu a Landan a 2009.