Hattara da Dillalan Dutsen Sama

A kwanakin baya, a wani ƙauye da ke tsakanin Isa da Sabon Birni, wani magidanci wanda ba a san shi da wauta ba ya fid da shanun huɗarsa biyu ya sayar, ya miƙa kuɗin ga wani baƙo da ya ce daga wajen Maraɗi ya fito, a madadin wani baƙin dutse da bai kai kan jariri girma ba, wai daga sama ya faɗo, wai kuma Turawa na nan tafe da miliyoyi. Da aka kawo mini shi, ban gama juya shi ba na tabbata kashin tama ne, irin wanda ke zube a kufan maƙeran da, duk ramuka kamar saƙar zuma. Baƙo ya haye iyaka, damina ta kama, an bar mai gida da hauya.

Asalin wannan haɗama labarin Agadas ne, inda aka tsinci wani dutse mai nauyin kusan kilo 25 a shekarar 2023, aka yi gwanjonsa a Amurka a 2025 a kan dala miliyan biyar da ɗoriya, har hukumar Nijar ta ta da bincike a kan yadda ya fita daga ƙasar. Amma abin da masu yaɗa labarin ba su faɗi shi ne, wancan ɓallin tauraron Mirrihu ne, irinsa kuwa nadiri ne ƙwarai, kamar wanda ya faɗo a Zagami ta lardin Katsina ranar 3 ga Oktoba, 1962, dab da wani manomi, dutsen da har yau da sunan ƙauyen aka san shi a duniya.

Galibin duwatsun da ke faɗowa kuwa, kamar yadda malaman falaki suka tabbatar, ɓaraguzai ne daga wani ayarin duwatsu da ke ɗawafi ga rana tsakanin taurarin Mirrihu da Mushtari, wanda wani malamin Italiya, Giuseppe Piazzi, ya hango babbarsu, Ceres, a daren farko na shekarar 1801, ita ce mai kammala zagayenta cikin shekara huɗu da wata bakwai. Waɗanda aka ƙididdige yanzu sun haura miliyan. Ashe ko da dutsen mutuminmu na haƙiƙa ne, mai yiwuwa da bai mayar masa da kuɗin sa ɗaya ba.

Abin takaici, mutumin da ba zai sayi akuya ba sai ya buɗe bakinta ya duba haƙora, shi ne zai ba da dukiyarsa a kan tsakuwa don an rantse masa. Wace irin gafala ce wannan? Dutsen sama na ainihi yana da nauyin da ya fi girmansa, da siririyar fata baƙa wadda zafin iska ya ƙona, ba ya kuma da ramuka; maganaɗisu yana kama mafi yawansu, sai dai yana kama kashin tama ma, saboda haka kada wani ya ruɗe ku da wannan hujja. Gatarin aradu da kakanninmu ke ajiya shi kuwa sassaƙar mutanen farko ne. Hukunci na ƙarshe na masana ilmin duwatsu ne, ga su nan a jami'a a Sakkwato, kuma kuɗin mota daga Isa bai kai na kofaton sa ba. Wanda Allah ya nufa da tsintar na gaske, kada ya farfasa shi don magani, kada ya wanke shi; ya shaida wa mai gari, ya riƙe rana da wurin da ya faɗi.

Sannan, a wannan zamani na fitina da jiragen yaƙi ke shawagi a kan dazuzzukan Gobir, ba duk abin da ya faɗo da dare da ƙara ne dutse ba. In kun ga ƙarfe mai siffa, ko waya a jikinsa, ku janye yara, ku yi nisa, ku kai labari ga hukuma, kada wani ya ja shi zuwa wurin 'yan gwangwan.