Karce a Jikin Mota: Wane Man Gogewa Ya Dace?

Idan rana ta haska mota, musamman baƙa, akan ga siraran zane-zane a jikinta tamkar saƙar gizo-gizo. Yawanci ƙura ce sanadi, domin tana ɗauke da ɓurɓushin yashi wanda ya fi fenti tauri. Duk sa'ad da aka share mota da busasshen tsumma, sai yashin ya karce ta.

Fentin motocin zamani hawa uku ne: na shimfiɗa, na launi, da na sama mai garai-garai wanda ke kare launin daga zafin rana. Kaurin na saman nan kusan kashi ɗaya ne cikin 20 na milimita. Man gogewa kankare shi yake yi har ya daidaita da zurfin karcen, abin da aka kankare kuwa ba ya dawowa.

Saboda haka, ya kamata mai mota ya fara gwada man gogewa mai laushi a ɗan ƙaramin wuri. Sai ya gaza sannan a koma ga mai kaushi. Shi kuwa kaki ɓoye karce kawai yake yi, bayan 'yan wanke-wanke ya gushe. Amma idan farce ya maƙale a cikin karcen, to, aikin ya zama na mai fenti.