Faransa: wa zai ciyar da tsofaffi idan masu aiki suka ƙaranta?

A watan Maris na shekarar 2023 shara ta taru a titunan birnin Paris har ta kai tan dubu 10, saboda masu kwasarta sun shiga yajin aiki. Jiragen ƙasa sun tsaya, matatun mai sun rage aiki, malaman makaranta da yawa sun ajiye alli. Ranar 7 ga watan, ma'aikatar cikin gidan Faransa da kanta ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 1 da dubu 280 ne suka fito zanga-zanga a faɗin ƙasar. Shekara biyu ce ta tayar da wannan ƙura: gwamnatin shugaba Emmanuel Macron ta ce ma'aikaci ba zai ƙara tafiya ritaya yana ɗan shekara 62 ba, sai ya kai 64.

Wanda ke jin labarin daga Maradi, Damagaram ko Tawa, inda mutum ke noma ko kasuwanci har sai ƙarfinsa ya ƙare, yana iya cewa ƙoshi ne ya yi wa Faransawa yawa. Amma akwai lissafi a bayan rikicin, kuma lissafin ya shafi kowace ƙasa: mutum nawa ke aiki, mutum nawa kuma suka daina aiki ake ɗaukar nauyinsu.

Yadda fansho ke tafiya

Mutane da yawa na tsammanin kuɗin da ake cirewa daga albashin ma'aikaci kowane wata ana ajiye masa su ne har ya tsufa. A Faransa ba haka tsarin yake ba. Tun da aka kafa hukumar kare lafiya da rayuwar ma'aikata a shekarar 1945, bayan yaƙin duniya na biyu, abin da aka cire wa masu aiki a wannan watan shi ake biyan ƴan fansho da shi a wannan watan. Ma'aikacin yau yana ciyar da tsohon yau, da alƙawarin cewa idan shi ma ya tsufa, ƴan baya za su ciyar da shi.

Duk wanda ya tashi a gidan gandu ya san wannan tsari. Ƙarfafan gida ke fita gona, a zuba amfani a rumbu ɗaya, dattijon da ya daina riƙe hauya ya ci daga ciki, domin shi ma ya noma wa nasa iyayen. Muddin ƙarfafa huɗu ne ke noma wa dattijo ɗaya, nauyin ba ya damun kowa. Idan suka koma biyu, ko ƙasa da haka, dole a zauna a sake shawara.

A Faransa kuɗin da ke shiga wannan rumbu ba kaɗan ba ne. A kamfanoni masu zaman kansu, abin da ma'aikaci da wanda ya ɗauke shi aiki ke zubawa don fansho ya haura kashi ɗaya cikin huɗu na albashi. Ƴan fansho sun kai kusan miliyan 17, kuma matsakaicin abin da mutum ke karɓa a hannu ya kai wajen yuro 1,500 a wata, wato kusan miliyan guda na kuɗin sefa. A dunƙule, fansho na cinye kusan kashi 14 cikin 100 na dukiyar da ƙasar ke samarwa a shekara.

Daga huɗu zuwa ƙasa da biyu

A farkon shekarun 1960, ma'aikata kusan huɗu ne ke zubi don ɗan fansho ɗaya a Faransa. A farkon shekarun 2000 sun koma biyu. Yanzu ba su kai biyu ba: ma'aikata kusan 17 ne ke ɗauke da ƴan fansho 10. Abubuwa uku ne suka kawo haka.

Na farko, tsawon rai ya ƙaru. Yau matsakaicin rayuwar mace a Faransa ya haura shekara 85, na namiji kuwa ya kai wajen 80. Wanda ya kai shekara 60 yana iya ƙara fiye da shekara 20 a duniya. Wannan alheri ne da aka samu ta hanyar magani, abinci da tsafta, sai dai yana nufin za a biya kowane mutum fansho na tsawon lokacin da waɗanda suka tsara dokar a 1945 ba su yi zato ba.

Na biyu, akwai tarin jama'ar da aka haifa bayan yaƙi. Daga 1946 har zuwa farkon shekarun 1970, ana haihuwar jarirai fiye da dubu 800 kowace shekara a Faransa. Lokacin da waɗannan suke cikin ƙarfinsu, rumbu ya cika. Daga wajen 2006 suka fara tafiya ritaya rukuni-rukuni, masu zubi suka koma masu karɓa.

Na uku, haihuwa ta ragu. Kafin al'umma ta maye kanta, ana buƙatar kowace mace ta haifi ƴaƴa biyu da ɗan ɗoriya a matsakaici. A 2024 adadin ya sauka zuwa 1.62 a Faransa, aka haifi jarirai dubu 663, adadi mafi ƙanƙanta tun ƙarshen yaƙin duniya na biyu. Jaririn da ba a haifa bana ba, ma'aikaci ne da za a rasa nan da shekara 20.

Hanyoyin da suka rage wa gwamnati

Idan abin da ke fita daga rumbu ya fi abin da ke shiga, mafita ƙalilan ce, kuma kowacce akwai wanda za ta taɓa.

Ana iya ƙara abin da ake cire wa masu aiki. Hakan na rage abin da matashi ke kaiwa gida, yana kuma sa ɗaukar ma'aikaci ya yi wa kamfani tsada. Ana iya rage fanshon kansa. Gwamnatoci kan yi haka a hankali ba tare da sun furta ba. A 1993 gwamnatin firaminista Edouard Balladur ta sauya lissafin fanshon ma'aikatan kamfanoni: maimakon a duba shekaru 10 da mutum ya fi samun albashi, aka koma duba shekaru 25, abin da ke saukar da kuɗin da zai karɓa. Ana iya cin bashi, amma bashin gwamnatin Faransa ya riga ya haura kashi 110 cikin 100 na dukiyar da ƙasar ke samarwa a shekara, kuma matasan nan ne dai za su biya shi gaba.

Hanya ta huɗu ita ce a jinkirta ritaya, mutum ya ƙara shekarun zubi, ya rage shekarun karɓa. Ita gwamnatoci suka fi bi. Shugaba François Mitterrand ne ya sauko da shekarun ritaya daga 65 zuwa 60 a 1982. Nicolas Sarkozy ya mayar da su 62 a 2010. Macron ya kai su 64 a 2023, tare da sharaɗin zubi na shekara 43 kafin a samu cikakken fansho. Da firaminista Elisabeth Borne ta ga ba ta da tabbacin rinjaye a majalisar dokoki, sai ta yi amfani da aya ta 49.3 ta kundin tsarin mulki, dokar ta wuce ba tare da ƙuri'a ba. Wutar ba ta mutu ba: a watan Oktoban 2025 firaminista Sébastien Lecornu ya sanar da dakatar da aiwatar da dokar har sai bayan zaɓen shugaban ƙasa na 2027.

Dalilin da ya sa ma'aikata suka ƙi

Ƙungiyoyin ƙwadago ba su musanta cewa jama'a na tsufa ba. Gardamarsu a kan wanda zai ɗauki nauyin ce. Wanda ya yi dogon karatu ya fara aiki yana ɗan shekara 24, dama sai ya wuce 64 kafin ya cika shekarunsa 43, don haka sabuwar dokar ba ta ƙara masa komai ba. Birkila, mai kwasar shara ko mai jinya da ya fara aiki da wuri, wanda gwiwa da baya suka fara ciwo tun yana ɗan shekara 55, shi ne zai fi jin ƙarin a jikinsa.

Tsawon ran ma ba daidai aka raba shi ba. Hukumar ƙididdiga ta Faransa, INSEE, ta nuna a 2018 cewa tsakanin maza mafiya wadata da maza mafiya talauci akwai tazarar shekara 13 ta rayuwa. Ke nan talaka na zubi tun da wuri, ya kuma ci fansho na ɗan lokaci kaɗan. Ƙungiyoyin suka ce a nemo kuɗin daga ribar manyan kamfanoni da masu dukiya. Gwamnati ta amsa da cewa haraji ya riga ya yi nauyi a ƙasar, ta kuma yi nuni da maƙwabta: Jamus na kan hanyar kai shekarun ritaya 67, Italiya ta riga ta kai.

Jinya da hannun aiki

Fansho ɓangare ɗaya ne na kuɗin tsufa. Mutum ɗan shekara 85 ya fi ɗan shekara 40 buƙatar likita da magani nesa ba kusa ba, wani lokaci kuma yana buƙatar mai yi masa wanka da ba shi abinci. A Faransa kuɗin zama a gidan kula da tsofaffi ya haura yuro 2,000 a wata, fiye da matsakaicin fansho. Bayan tsananin zafin watan Agustan 2003 da ya hallaka mutum kusan dubu 15, akasarinsu tsofaffi, ƙasar ta ware rana guda a shekara da ma'aikata ke yin aiki ba tare da ƙarin albashi ba, a zuba kuɗin wajen kula da tsofaffi da naƙasassu.

Japan ta fi kowace babbar ƙasa nisa a wannan hanya. Kusan mutum 3 cikin 10 a can sun haura shekara 65. Yawan jama'arta ya kai ƙololuwa a wajen 2008 da kusan miliyan 128, tun daga nan yake raguwa. Gidaje kusan miliyan 9 ne ba kowa a ciki, makarantun ƙauyuka na rufewa saboda rashin yara. Tun shekarar 2000 kowane ɗan ƙasa da ya kai shekara 40 yake biyan wani kuɗi na musamman don jinyar tsofaffi. Ƙasar da aka sani da tsuke ƙofa ga baƙi ta buɗe sabuwar takardar izinin aiki a 2019 don shigo da ma'aikata a fannonin jinya, gini da noma.

Haka abin yake a Turai. Asibitoci da gidajen tsofaffi da yawa a Faransa na tafiya ne da likitoci da masu jinya da suka yi karatu a ƙasashen waje, cikinsu har da ƴan Afirka. Ƴan siyasa na alƙawarin rage baƙi a lokacin zaɓe, masu kamfanoni da asibitoci kuma na kukan rashin ma'aikata.

Ƙasar Sin ta shiga matsalar tun kafin ta kai wadatar Faransa ko Japan. Yawan jama'arta ya ragu a 2022, karon farko cikin shekara 60. Daga Janairun 2025 ta fara ɗaga shekarun ritayar maza daga 60 zuwa 63 a hankali cikin shekara 15.

Inda Nijar ta tsaya

Nijar na can ɗaya gefen ma'aunin. Kusan rabin jama'arta ba su kai shekara 15 ba, waɗanda suka haura 65 kuwa ba su kai kashi 3 cikin 100 ba, kuma mace na haihuwar ƴaƴa kusan 6 a matsakaici. Nauyin da ke kan mai aiki a nan na yara ne: abinci, makaranta, magani.

Duk da haka darasin Faransa ya shafi ƙasar. Asusun CNSS na ma'aikatan kamfanoni da CARENI na ma'aikatan gwamnati su ma sun dogara ne da zubin masu aiki. Kuma yawan matasa kaɗai ba ya cika asusu, sai matashin da ke da aiki a rubuce, mai albashin da ake cirewa. Mafi yawan ƴan Nijar manoma ne, makiyaya, ƴan kasuwa, ƴan kabu-kabu da masu sana'ar hannu, waɗanda babu asusun da ya san da zamansu. Fanshonsu ƴaƴansu ne, ko gona, ko ƴan dabbobi, ko kuɗin da ɗan da ya tafi ci-rani ke aikowa. Wannan tsari ya riƙe al'umma tsawon zamani, amma yana sassautawa idan gona ta rarrabu tsakanin magada har ta kasa ciyar da gida, ƴaƴa kuma suka watsu birane suna fama da kuɗin haya.

Faransa ta kafa tsarinta ne lokacin da masu aiki suka ninka tsofaffi sau da yawa, ta samu shekaru masu yawa na sauƙi, kuma duk da haka yau tana rikici a kan shekara biyu. Yaron da aka haifa a Nijar a 2010 zai cika shekara 60 a 2070, shi da sa'o'insa masu ɗimbin yawa. Abin da za su ci a lokacin ya dogara ne da karatun da suke samu yanzu, da irin aikin da za su yi a shekaru 40 masu zuwa, da kuma ko za a buɗe wa manomi, ɗan kasuwa da mai sana'a hanyar yin zubi tun suna da ƙarfi.