Sauka Ta Fi Tashi Wuya: Jiragen Soja na Farko da Haɗurransu

Ranar 1 ga Nuwamba 1925 jirage uku ƙirar DH.9A na sojan saman Birtaniya suka sauka a Kano a ƙarƙashin Arthur Coningham, bayan sun taso daga Helwan ta ƙasar Masar, sun biyo ta Khartum, El Fasher, Fort Lamy da Maiduguri. Masu ba da labarin sun fi jinjina nisan tafiyar. Ni kuwa saukar ce ta fi ɗaukar hankalina, domin shekaru goma kafin nan, a wajen sauka ne jirage masu fukafukai hawa biyu suke ta karairayewa da ɗalibansu a filayen horo na Ingila, Faransa da Amurka.

Ƙirar jirgin tana da nata kason laifin. Katako ne da zane da wayoyi, babu birki. Tayoyi biyu ne a gaba, a matse da juna, wutsiya kuma wata 'yar sanda ce mai jan ƙasa. Da yake nauyin jirgin yana bayan tayoyin, iska kaɗan ta buso daga gefe sai wutsiya ta kewayo, jirgin ya yi juyi, fiffiken ƙasa ya daki turɓaya. Taya ta faɗa rami kuwa, sai ya dungura da hanci, farfela ta tarwatse. Masu ƙera su sun san da haka: Avro 504, wanda ya fara tashi a 1913, an ɗaura masa doguwar sanda tsakanin tayoyinsa don hana dungurawa, Curtiss JN-4 na Amurka kuma an sa masa tokare a ƙarƙashin fukafukai. Wasu injinan ma ba su san sassautawa ba, sai matuƙi ya riƙa yanke wuta yana mayarwa har ya taɓa ƙasa.

Wani zai ce to magana ta ƙare, jirgin ne bai nuna ba, kuma ci gaban ƙira ne ya kawo sauƙi. Tarihin horon bai goyi bayan wannan ba. A farkon Yaƙin Duniya na Ɗaya ana ɗora ɗalibi a jirgin Maurice Farman tare da malamin da ba ya iya yi masa magana saboda ƙarar inji, malamin da sau da yawa an dawo da shi ne daga fagen daga don ya huta, ba don ya iya koyarwa ba. Bayan 'yan awoyi sai a sallame shi ya tashi shi kaɗai, an gargaɗe shi ya guji duk abin da ke da haɗari, ba a nuna masa yadda zai kuɓuta ba. A 1917 Robert Smith-Barry ya kafa makaranta a Gosport ya juya tsarin: ya fara da horar da malaman, ya yi amfani da Avro 504 mai matuƙa biyu, ya sa bututun roba da malami ke magana ta ciki, sannan ya wajabta a jefa ɗalibi cikin matsala da gangan, ya sauka iska na dukansa daga gefe, ya sauka inji a kashe, malami na tare da shi. Ba a ƙera sabon jirgi ba, amma haɗurra suka ragu. Jirgin Tiger Moth na 1931, wanda ya yaye dubban matuƙa, shi ma na Ingila ba shi da birki. Masu cewa gaggawar yaƙi ce ta tilasta gajeren horo suna da hujja, sai dai ɗalibin da ya mutu a filin koyo bai taɓa isa fagen da ake gaggawar kai shi ba.

Saura ƙasar da za a dira a kai, kuma nan ne zancen ya iso gida. Jirgin da ba shi da birki yana buƙatar fili mai faɗi wanda zai fuskanci iska ta ko'ina, a share kututture, a rushe suri, a cike ramuka. A ƙasar Borno da Hausa ga yashi mai riƙe taya, ga hazon hunturu da ke ɓoye ƙasa har matuƙi ya kasa auna tazararsa da ita. Aikin sharar filayen, hannun talakawa ne ya yi shi, kuma ba kasafai ake ambatonsu ba. Tsohon filin jirgin Potiskum yana kan layin Kano da Maiduguri ne, layin da daga 1940 ya zama hanyar kai jiragen yaƙi daga Takoradi zuwa Masar.