Gargaɗi ga Mutanen Birnin Zazzau: Mai Jinyar Soja Ma Tana Bukatar Likita

Jama'ar Kwarbai, Kaura, Babban Dodo, Limancin Kona da sauran unguwannin cikin ganuwa, a saurara. Tun ɓarkewar rikicin Boko Haram a 2009, akwai sojojin da aka horar a nan Depo na Zariya da suka dawo daga Borno da Yobe babu ƙafa, ko babu ido, ko kuma har yau ƙarar bam ba ta bar kunnensu ba. Asibitin sojoji na 44 da ke Kaduna zai yi nasa aikin ya sallami mutum. Daga nan jinya ta faɗa kan mace ɗaya, matarsa ko mahaifiyarsa.

Ita ke ɗaga shi, ita ke masa wanka, ita ke kwana zaune in ya zabura cikin dare yana ihu, ita ke shan faɗan da ba ta san mafarinsa ba. 'Yan dubiya su gaishe shi, su ce mata "sai haƙuri", su kama gabansu. Babu mai tambayar ta yaushe rabonta da barci.

Ku lura da ita. In ta daina barci, ta ƙi abinci, tana kuka a ɓoye, ta daina zuwa biki da suna, ko ta fara haɗiyar ƙwayoyin rage zafin maigidan, ciwon damuwa ne, kuma yana da magani. Kada a tsaya kan cewa aljanu ne ko sammu. A yi addu'a, amma a kai ta asibiti.

In kuwa kun ji ta ce "gara in mutu in huta", kada a ɗauka magana ce ta gajiya. A kawar da fiya-fiya da magunguna daga ɗakin, kada a bar ta ita kaɗai, a kai ta a ranar sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa da ke Shika, ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, Kaduna. Wanda ya rasa kuɗin mota ya fara da asibitin Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan.

Dangin miji, ku ne kan gaba a wannan laifi na barin ta da jinya ita kaɗai. Zuwa ranar Juma'a da ledar lemo ba jinya ba ce. Ku raba kwana a tsakaninku, ku bar ta ta je gidansu ta yi barci. Limamai da masu unguwanni, a sanar da wannan bayan sallah.