Dajin da muke ƙonewa da hannunmu kowace bazara

Da zarar damina ta kankama, sai a shiga bikin dashen itatuwa. Gwamna ko kwamishina ya sunkuya ya saka ɗan tsiro a rami, a yayyafa masa ruwa, a sanar cewa bana za a dasa miliyan kaza don farfaɗo da ƙasar da hamada ta ci. Daga nan gardama ta tashi a rediyo da majalisu. Wasu su ce kuɗin aka cinye, wasu su ce an dasa, jama'a ne suka bar wa awaki. Abin da ke damuna shi ne dukkansu sun yarda da kuskure ɗaya, wai gonar da ta yi fili fetal ta riga ta mutu, ba ta rayuwa sai an kawo mata sabon tsiro daga wurin reno.

Maƙwabtanmu na Maradi da Damagaram sun daɗe da ƙaryata wannan. A 1981 wani masanin noma ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya sauka a yankin Maradi yana aikin dashe. Ya yi ta dasawa, akasarin tsiron na mutuwa saboda rana da iska da gara da dabbobi. A 1983 ya lura cewa 'yan ƙananan ciyayin da ke warwatse cikin gonaki, waɗanda manoma ke sarewa su ƙone a lokacin sharar gona, ba ciyayi ba ne. Tohon itatuwa ne da aka sare shekaru da dama, kututturansu da saiwoyinsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa: kalgo, sabara, geza, taramniya, magarya, aduwa, gawo.

Me ya sa wannan toho yake yin abin da dashe ya kasa? Tsiron da aka fito da shi daga leda jariri ne. Saiwarsa ba ta kai kamu ɗaya ba, don haka sai an shayar da shi, an killace shi, an yi jinyarsa har ya wuce rani biyu ko uku. Kututture kuwa magidanci ne da aka yi wa aski. Saiwarsa ta riga ta nutsa inda danshi yake, ta tara abinci a jikinta, ta saba da ƙasar da fari. Matsalarsa ɗaya ce: yana fitar da toho ashirin ko talatin a lokaci guda, duk suna rabon ƙarfin saiwa ɗaya, ba wanda ke miƙewa, sannan manomi ya zo da adda ya sake aske shi. Gyaran ba ya wuce a zaɓi toho mafi ƙarfi, daga ɗaya zuwa biyar, a sare sauran, a rage rassan ƙasa da wuƙa mai kaifi, a riƙa dawowa ana gyarawa. Cikin 'yan shekaru abin da ake tsallakewa da ƙafa ya zama itace mai inuwa. Manoman Nijar suka sa wa aikin suna sassaben zamani.

Da farko an yi wa masu yi dariya, don a idon mutane gonar kirki ita ce wadda aka share tas. Yunwar 1984 ce ta sa dubban manoma suka gwada, saboda an haɗa shi da rabon abinci. Bayan an daina rabon da yawa suka sare nasu, amma waɗanda suka bari sun ga iskar farkon damina ta daina binne musu shuka da rairayi, ga itacen girki a kusa, ga abincin dabbobi da rani. Daga nan maƙwabci ya koya daga maƙwabci. Da masu bincike irin su Chris Reij da Gray Tappan suka gwada tsofaffin hotunan sama da sababbi, sun ƙiyasta cewa fili mai faɗin hekta kusan miliyan 5 ya farfaɗo, da itatuwa kusan miliyan 200. A 2018 aka bai wa Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood, shekara ɗaya da Yacouba Sawadogo, manomin Burkina Faso.

A gwada wannan da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta ƙaddamar a 2007, daga Senegal zuwa Jibuti, da burin gyara hekta miliyan 100 kafin 2030. Rahoton da aka fitar a 2020 ya nuna abin da aka gyara a yankin ganuwar bai wuce hekta miliyan 4 ba.

Mai tsoron inuwa za ta kashe masa gero ya dubi gawo. Da damina yake zubar da ganye, ya bar rana ta sauka kan shuka, ganyen ya zama taki, saiwarsa kuma tana ƙara wa ƙasa ƙarfi. Duk manomi ya san geron gindin gawo ya fi na gefe.

Sai dai sirrin ba a adda kawai yake ba. A Nijar, bayan dokar gandun daji ta Faransawa ta 1935, itace ya zama na hukuma, a lokacin manomi na iya shan tara don ya sare reshe a gonarsa, shi ya sa ya gwammace kada itacen ya girma ma. Itatuwa sun dawo ne lokacin da manomi ya tabbata abin da ya rena nasa ne. A 2020 gwamnatin Nijar ta tabbatar da wannan haƙƙi a rubuce. Ban ce dashe ba shi da amfani ba. Inda tarakta ta tumɓuke saiwoyi, ko tudun rairayi ya rufe komai, dole a dasa.

Amma Katsina da Jigawa da Sakkwato ƙasa ɗaya suke da Maradi, itatuwan ma iri ɗaya ne. Hukumar ganuwar da Najeriya ta kafa a 2015 da jihohi 11 da take aiki a cikinsu su ware wani kaso na kuɗin dashe su tura malaman gona ƙauyuka su koyar da wannan gyara, su kuma ba manomi tabbacin cewa ba mai gawayi ko ma'aikacin gandun daji da zai taɓa masa itacen da ya rena. Kai kuma manomi, idan ka fita sharar gona bana, ka bar ko kututture arba'in a hekta, ka gyara su.